Kasuwar albasa ta Tsarnawa: "na sallama" ba shi ne ƙarshen ciniki ba

 Yau za mu yada zango a Tsarnawa, garin da ke kimanin kilomita 15 gabas da Birnin Ƙonni, daidai inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maradi da Damagaram. Duk wanda ya ratsa wannan mararraba a watan Maris ko Afrilu, lokacin cirar albasa, ya ga buhuna jibge a bakin hanya da manyan motoci suna jiran lodi. Albasar tana fitowa daga garake na kwarin Magiya, da yankin Galmi cikin gundumar Malbaza, da ƙauyukan da ke kan hanyar Badagishiri cikin gundumar Ilela. Daga nan sai ta kama hanyar Kumasi da Akra a Gana, ko Abijan a Kodebuwa, ko Lome, ko Kwatano.

Kafin albasa guda ta isa tukunyar wata mata a Abijan, ta bi ta hannun manomi, da dillali, da mai saye, da ƴan dako, da mai mota, da mai masauki, da ƴan sari, da mai kasawa a faifai. Tsakanin kowane hannu da na gaba akwai alkawari, kuma yawancinsa da baki ake ƙulla shi. Mu da muke aikin rediyo, koke-koken da muka fi ji daga ƴan kasuwa kusan iri ɗaya ne: an gama ciniki, an tafa, kowa ya juya baya, da matsala ta taso sai kowa ya ce ba ruwansa. Abin da muke son mu fahimta tare yau shi ne, bayan an ce "na sallama", akwai taimakon da mai saye da mai sayarwa suke bin juna. Al'adar kasuwa ta san shi, doka kuma ta rubuta shi, kuma wanda ya ƙi yin sa yana iya biyan kuɗi a gaban alƙali.

Wace doka ce?

Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar 17 ga Oktoba 1993 domin ƙasashen da ke cikinta su yi aiki da dokokin kasuwanci iri ɗaya. Ƙasashe 17 ne a ciki, har da Benin, Togo, Burkina Faso, Mali da Kodebuwa. Najeriya da Gana ba sa ciki, kuma ya kamata mai kai kaya can ya riƙe wannan. Kundin da ya shafi saye da sayarwa tsakanin ƴan kasuwa an amince da shi a 1997, aka sabunta shi a Lome ranar 15 ga Disamba 2010.

Aya ta 240 ta wannan kundi ta yarda da cinikin baki kamar yadda ta yarda da na takarda, kuma ana iya tabbatar da shi ta kowace hanya: shaidu, littafin lissafi, ko saƙon salula. Aya ta 237 kuma ta wajabta wa kowane ɓangare ya tafiyar da ciniki da zuciya ɗaya, ba ha'inci ba ɓoye-ɓoye, kuma ta hana a yi sharaɗin da zai cire wannan wajibi. Ko da mutum biyu sun yarda tsakaninsu cewa kowa tasa ta fisshe shi, alƙali ba zai karɓa ba.

Manomin da ya sayar da abin da ya noma a garkarsa ba a lissafa shi ɗan kasuwa a idon wannan kundi. Amma bai fita daga kariya ba, domin kundin dokar farar hula da Nijar ke aiki da shi, a aya ta 1134 da ta 1135, ya ce alkawari a cika shi da zuciya ɗaya, kuma yana ɗaure mutum da abin da aka faɗa da baki har da abin da adalci da al'adar sana'a suka tanada.

Faɗin gaskiyar kaya

Taimako na farko shi ne labari. Mai albasa ya san abin da mai saye ba ya iya gani da ido. Ya san ko ya tsayar da ban ruwa da wuri kafin cira, ko ya cika taki, ko albasar ta sha iska ta bushe sosai, ko ta yi wata uku cikin rudu, ko ruwan sama ya taɓa ta. Albasar da aka cire da ruwa a jikinta tana da nauyi da kyan gani ranar lodi, amma ba ta jure kwanaki cikin mota a ƙarƙashin tamfol. Wanda ya san kayan Abijan za su, ya kuma ɓoye wannan, ya saɓa wa wajibin zuciya ɗaya. Haka wanda ya zuba ƙanana da ruɓaɓɓu a gindin buhu, ya jera manya a baki.

Shi ma mai saye akwai gaskiyar da ake bin sa. Tsohuwar rigimar buhu kowa ya san ta: ana yanka farashi a kan buhu, sai a zo da buhun da aka ɗinka wa hula, wanda nauyinsa ya zarce kilo 100 nesa ba kusa ba, manomi ya ba da ƙari bai sani ba. Hukumomi da ƙungiyar ƴan albasa ta ƙasa, ANFO, sun daɗe suna kira a koma ga buhun raga mai kilo 25 ko 50. Ko da wane buhu za a yi aiki, a nuna shi kafin a yanka kuɗi, a gaban dillali.

Idan kaya sun iso hannun mai saye, doka ta ce ya duba su da gaggawa. Aibin da ake gani da ido ranar karɓa, wata ɗaya aka ba shi ya sanar da mai sayarwa, in ya wuce haka ya rasa haƙƙinsa. Aibin da ke ɓoye kuwa, shekara ɗaya ce daga ranar da aka gano shi ko ya kamata a gano shi. Amma mu duka mun san albasa ba ta jiran wata ɗaya. Mai hankali yana kwance buhu biyar ko goma daga wurare daban-daban a ranar, a gaban shaidu, ya ɗauki hoto, ya buga waya kafin rana ta faɗi. Sanarwa da wuri tana ba mai sayarwa damar musanya kayan da masu kyau, abin da doka ta yarje masa, ko a zauna a rage farashi gwargwadon aibin.

Buɗe wa juna hanya

Taimako na biyu shi ne kowa ya yi abin da zai sa ɗan'uwansa ya iya cika alkawari. Aya ta 269 ta ɗora wa mai saye ya aikata duk abin da zai ba mai sayarwa damar miƙa kaya, sannan ya kwashe su. A kasuwar albasa, wannan yana nufin ya kawo buhuna in shi ya ɗauki nauyinsu, ya turo mota ranar da aka sa, ya faɗi wurin lodi, ya aiko wanda zai ƙirga. Mutum ba zai bar albasa kwana biyar a rana yana jiran ya ji farashin Kumasi ba, sannan ya zo ya ce ta yi laushi, a rage masa. Jinkirin nasa ne.

Mai sayarwa shi ma ya shirya kaya a ranar, a wurin da mota za ta iya shiga, ya ba da duk takardar da ake bukata a hanya. Akwai kuma abin da ƴan kasuwa da yawa ba su sani ba: idan an yi ciniki a kan cewa za a miƙa kaya ga mai mota, to daga lokacin da aka damƙa su ga motar farko, asarar hanya ta koma wuyan mai saye, sai in an yi wani sharaɗi daban. Saboda haka a fayyace wannan tun a Tsarnawa, kada a bari sai mota ta kife a ce wa ke da asara.

Ko ana rigima, a tsare kaya

Taimako na uku shi ne wanda zuciya ta fi ƙi. An kawo maka kayan da ba ka yarda da su ba, ranka ya ɓaci, kana son mayarwa. Doka ba ta hana ka ƙi su ba, amma aya ta 272 ta ce muddin suna hannunka, sai ka tsare su yadda ya dace. Ka sauke su a inuwa, inda iska ke ratsawa, ka ware ruɓaɓɓu kada su harbi masu lafiya. Kuɗin da ka kashe a wannan aiki mai kayan ne zai biya ka, kuma kana da ikon riƙe kayan har sai ya biya. Haka mai sayarwa, idan mai saye ya yi jinkirin zuwa ɗauka da biya, ba zai watsar da kayan ba don haushi.

Idan jinkirin ya yi tsawo, aya ta 274 ta ba mai tsaron kayan izinin sayar da su. Sharaɗin shi ne ya fara sanar da ɗaya ɓangaren cewa zai sayar. Bayan sayarwa ya cire abin da ya kashe wajen tsaro, ragowar kuma ta mai ita ce. Wanda ya sayar a ɓoye ya jefa kansa cikin zargi ko da niyyarsa mai kyau ce.

Rage asara

Taimako na huɗu yana cikin aya ta 293: wanda aka saɓa wa alkawari dole ya yi ƙoƙarin rage asararsa, in ya ƙi, ana iya rage masa diyya. Mu ɗauki misali don a gane. An yi cinikin buhu 300 a kan jika 15 kowane buhu, kuɗi ya kama miliyan 4 da rabi. Mai saye ya janye. Washegari wani ya taya jika 12. Idan mai kaya ya sanar da na farko, ya sallama wa na biyu, asararsa jika 900 ce, ita zai bi wanda ya janye. Idan kuwa ya ce shi sai na farko, ya zauna har albasa ta ruɓe, ya je kotu neman miliyan 4 da rabi, mai janyewar yana da ikon neman a cire duk asarar da aka iya kauce wa. Fushi a nan tsada gare shi.

Yankinmu ya ga amfanin wannan ƙa'ida da idonsa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakar Ƙonni da Illela ta jihar Sakkwato, da gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, aka buɗe iyakar Ƙonni a watan Maris na 2024. Cikin waɗannan watanni motoci sun yi cirko-cirko, kayan gwari sun lalace, bashi ya hau kan mutane da yawa.

Aya ta 294 ta ɗauke wa mutum laifin kasa cika alkawari idan ya tabbatar da cewa abin da ya hana shi ya fi ƙarfinsa, kamar rufe iyaka bagatatan. Amma wannan uzuri ba ya ba shi damar kashe waya. Zuciya ɗaya tana bukatar ya sanar da abokin cinikinsa nan take, su yi shawara: a juya mota zuwa wata kasuwa ta cikin gida, a sauke a sayar da araha, ko a bi wata hanya a raba ƙarin kuɗin mota. Asarar rabi da aka yi shawara a kanta ta fi asarar duka da aka yi shiru a kanta sauƙin ɗauka, kuma tana barin ƙofa a buɗe don cinikin baɗi.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga malamanmu. A fiƙihun Malikiyya, littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya yi bayanin cewa idan an sayi ƴaƴan itace tun suna kan bishiya, annoba kamar fara ko ƙanƙara ta faɗa masu, ana rage wa mai saye kuɗi gwargwadon ɓarnar idan ta kai kashi ɗaya cikin uku, a kayan lambu kuwa akwai maganar a rage ko da ba ta kai haka ba. Masu sayen albasa tun tana garka su tambayi malamansu a kan wannan babi.

Mai mota da mai kaya

Jigilar kaya a mota tana da kundinta daban, wanda OHADA ta amince da shi a Yawunde ranar 22 ga Maris 2003. Yana aiki ko da ƙasar da za a kai kayan ba ta cikin ƙungiyar, muddin a Nijar aka yi lodi. Ke nan motar da ta tashi daga Tsarnawa zuwa Kumasi tana ƙarƙashinsa.

Mai kaya ya faɗa wa mai mota gaskiyar irin kaya da yawansu, ya ba shi takardun duwan. Mai mota kuma, idan ya ga ba zai iya kai kaya yadda aka shirya ba, injin ya lalace ne ko an tare hanya, dole ya sanar da mai kaya ba tare da jinkiri ba, ya nemi umarni. Idan kayan masu saurin lalacewa ne, doka ta yarje masa ya sayar da su don kada su salwanta, ya ba da lissafi. Direban da ya kwana uku a daji bai buga waya ba ya ɗora wa uban gidansa nauyi.

Diyyar da mai mota ke biya in kaya sun ɓata ko sun lalace a hannunsa tana da iyaka, jika 5 a kowane kilo, abin da ya fi kuɗin albasa nesa. Sai dai ba kowane ruɓa ne laifinsa ba, domin doka ta san akwai kayan da ke lalacewa da kansu, kuma idan mai kaya ne ya yi mugun lodi ko ya zuba a buhun da ba ya shan iska, mai mota yana iya kare kansa da haka. Wanda ya karɓi kaya ya ga ɓarna a fili, ya rubuta wa mai mota kafin ranar aiki ta gaba ta wuce. Ɓarnar da ba a gani nan take, kwana 7 aka ba shi. Ƙarar jigila kuma shekara ɗaya ce wa'adinta, ta saye da sayarwa shekara biyu.

Dillali ba ɗan kallo ba ne

A kasuwanninmu baƙo ba ya sayen mota guda sai da dillali ko mai masauki, kuma darajar dillali ita ce amanarsa. Aya ta 210 ta wajabta masa ya ba ɓangarorin biyu duk labarin da suke bukata don su yanke shawara da idonsu a buɗe. Idan ya gabatar da wani a matsayin mai kuɗi ko mai cika alkawari alhali ya san ba haka ba ne, don dai ciniki ya faɗa ya karɓi la'ada, to asarar da ta biyo baya tana iya hawa kansa. Doka ta kuma hana shi shiga cinikin da kansa ta bayan fage sai da yardar masu cinikin. Dillalin kirki yana riƙe da littafi: rana, suna, yawan buhu, farashi, kafin alƙalami, ciko da ranar biya.

Ga iyayenmu mata

Ke mai ɗaukar rabin buhu bashi da safe, ki kasa, ki biya da marece ko ranar kasuwa mai zuwa, wannan magana taki ce. Idan kin buɗe buhu kin tarar da ruɓa ya yi yawa, kada ki yi shiru har ranar biya sannan ki ce ba ki da kuɗi. Ki kira mai kayan a ranar, ko ki aika masa saƙon murya, maƙwabciyarki ta shaida. Ki ware masu kyau ki sayar, waɗanda suka fara laushi ki karya farashinsu kafin su tashi a banza. Saƙon murya na WhatsApp da ya ƙunshi rana da adadi yana taimakawa ƙwarai ranar gardama, kada a goge shi sai an gama biya.

Ku kuma ƴan sari, macen da ta shekara biyar tana ɗaukar kayanka tana biya, ranar da ta zo da uzuri na gaskiya, ƙarin kwana uku ko ragin jika ɗaya ba asara ba ce. Ita ce ke kai kayanka lungun da ƙafarka ba ta zuwa.

Idan magana ta ƙi ƙarewa

Matakin farko shi ne dillalin da aka yi ciniki a gabansa, sai shugabannin ƴan albasa na kasuwar. Sarakunan gargajiya ma dokar ƙasa ta ba su ikon sasanta mutane, kuma a nemi a rubuta abin da aka sasanta a kai, kowa ya sa hannu. Tun 2017 OHADA tana da kundi na musamman kan sulhu ta hannun mai shiga tsakani. Idan duk wannan bai yi ba, akwai kotu a Birnin Ƙonni. Amma shari'a tana ɗaukar watanni, albasa kuwa kwanaki take bayarwa, shi ya sa duk wanda ya fara tsare kaya da rage asara kafin ya tafi ƙara shi ke shiga kotu da ƙarfi.

Kafin mota ta tashi, muna ba da shawara a tsayar da abu shida a gaban shaidu biyu, a takarda ko a saƙon murya: irin buhu da nauyinsa, ranar lodi da wurinsa, wanda asarar hanya ke wuyansa, ranar biyan ciko da irin kuɗin, sefa ko naira ko sidi, wanda za a kira in an sami matsala, da wanda zai raba gardama. Mai kai kaya Najeriya ko Gana ya ƙara da na bakwai: dokar wace ƙasa za a bi. Rubuta bashi ba rashin yarda ba ne, umarni ne da ke cikin Suratul Baƙara, aya ta 282.

Hausawa sun ce alkawari kaya ne, sun kuma ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sunan albasar Galmi ya kai bakin teku ne saboda kyanta da kuma amanar waɗanda suka yi ta kai ta shekara da shekaru, kuma duk motar da ta isa da ruɓa a gindin buhu tana rage wa na baya kasuwa. Allah ya ba mu ciniki mai albarka, ya kai matafiya lafiya. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili.